Akwatin 'Yar Fari

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a Ƙofar Kibo, tun daga zamanin mai batir shida har zuwa 'yan ƙananan nan na caji, ya san Malam Bahago. Sunansa na yanka Abubakar Siddiƙ, amma in da wannan sunan ka zo tambaya, sai ka zaga unguwar sau uku ba a nuna maka shi ba. Da hagu yake riƙe sukudireba, da hagu yake narka dalma. Dama kuwa ta cin tuwo ce da gaisawa, su ɗin ma da bulala aka koya mata. Shagonsa rabin zauren gidansu ne aka yanka aka sa masa ƙofar langalanga, kuma shekara arba'in da 'yan kai yana zaune a kan benci ɗaya, har katakon ya yi masa gurbi.

Mutum ne mai taurin kai, kada a ce ban faɗa ba. Ka kawo masa rediyo ka ce, "Malam, waya ce kawai ta tsinke, ga ta nan," sai ya dube ka ta saman tabarau, ya kwance kusoshi duka, ya zube kayan cikinta a faranti. Ubangidansa Malam Lado, Allah ya jiƙan rai, magana biyu ya bar masa, yake maimaita su kamar wuridi. Ta farko: abin da ba ka buɗe ba, ba ka san shi ba. Ta biyu: kafin gyara, shara. Saboda haka ko me ka kawo, sai ya sha buroshi da sifirit kafin a fara zancen abin da ke damunsa.

Tsofaffin mata su ne ke tsorata in sun ga an farke musu rediyo. Wata ta dafe ƙirji ta ce, "Malam Bahago, ka yi wa Allah kada ka ɓatar min da mai karanta labaran nan, na saba da shi." Sai ya yi dariya har tabarau ya zamo. "Hajiya, murya ba a ciki take ba. A iska take. Ko kayan cikin nan duka na watsar na sa sababbi, mutuminki zai dawo ya ɗora daga inda ya tsaya." Ya faɗi wannan maganar ya fi sau dubu, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Matarsa Batulu ta haifa masa 'ya'ya huɗu, ɗaya ce ta yi rai, ita ce kuma ta fari, Khairat. To, gidan tsofaffin cikin birni ne, masu riƙe da kunyar ɗan fari kamar farilla. Daga uban har uwar ba mai kama sunanta. "Yarinyar nan" suke cewa, da ta yi aure kuma ta koma "ta Tudun Wada". Bahago bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba. Tun tana 'yar shekara shida takan tsaya a bakin shago ta zuba wa hannunsa ido. Shi kuma ya ce da bango, "A gaya wa masu tsayuwa a bakin ƙofa suna tare mana haske." Sai dai kullum da la'asar akan samu wata matacciyar rediyo an manta da ita daidai bakin ƙofar nan, kusoshinta a kwance, da ɗan sukudireba a gefe. Ba wanda ya san mai mantuwar, wai. Ranar da ya ga yarinyar ta ɗauki sukudireban da hagu, sai da ya shiga bayan kanta ya yi murmushinsa shi kaɗai.

Ta yi karatu, ta samu aiki a wani ofishin ajiye takardu a unguwar Kongo. Can ne ta kamu da son wasu 'yan ƙananan kwamfutoci, tsirara haka ba riga, ba su fi sabulun wanka girma ba, waɗanda masu sha'awa ke saya su yi wasa da su a gida. Ana cikin haka idon Batulu ya fara tafiya. Hawan jinin ido, in ji likita. Na hagu ya riga ya rufe, na dama saura ɗan haske, kuma wannan ɗan hasken ba ya zama sai da maganin ɗigawa sau uku a rana, a kan lokaci. Batulu kuwa in ta hau tsintar wake ko hira da maƙwabta, sai rana ta faɗi ba ta tuna ba.

Wata Asabar Khairat ta zo da ɗan akwatin katako, ta kafa shi a kan kabad ɗin uwar. A cikinsa akwai ƙaramar kwamfutar nan, da sifika, da ɗan makirfo. Ta yi makonni, duk zuwan da ta yi sai ta kori kowa daga ɗakin, ta zauna gaban akwatin ta yi ta magana. Daga nan, ƙarfe bakwai na safe, da biyu na rana, da bayan magariba, sai akwatin ya yi gyaran murya, ya ce da muryar Khairat, "Inna, a ɗiga magani. Ban da ha'inci, ina ganin ki." Gobe kuma wata maganar daban. Sun kai arba'in. A wata tana dariya har ta kasa ƙarasawa, a wata tana tsegumin tsadar tattasai, a wata ta yi tari ta ce, "Kai, bari in sake." Batulu takan murguɗa baki ta ce, "To, uwar iyayi, an ji." Amma tana ɗigawa.

Akwai guda ɗaya da ba ta uwar ba ce. Ranar Juma'a, ƙarfe sha biyu da rabi, da ƙarfi yadda za a ji har zaure: "A gaya wa mai shago rana ta yi, a ajiye sukudireba." Bahago yakan yi kamar bai ji ba, ya ɗan ƙara juya wani kusa don kada a ce umarni ya bi, sannan ya tashi ya yi alwala.

Ranar da Khairat ta gama haɗa akwatin ta leƙo shago ta durƙusa. "Baba, da za ka shigo in nuna maka cikinsa." Wallahi hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Tun safe kunnensa na cikin gida. Amma ga dattawa biyu zaune a kan benci suna jiran rediyonsu, me za su ce in sun ga mutum ya tashi ya bi 'yar farinsa ya zauna gwiwa da gwiwa tana koya masa sana'a? Bai ɗago ba. Ya ce da rediyon da ke gabansa, "Akwai aikin mutane. Wata rana." Ta ce to, ta tashi.

Ba a yi wata biyar ba ta rasu wajen haihuwa, wata Laraba, ita da abin da ke cikinta.

Washegarin jana'iza, ɗaki cike da mata masu zaman makoki, ƙarfe bakwai na bugawa akwatin ya yi gyaran murya. "Inna, kin tashi lafiya?" Mata suka ɗauki salati, wata ta zabura za ta zare wayar. Batulu ta ce, "Duk wadda ta taɓa shi ban yafe ba." Ta lalubo kwalbar ta ɗiga. Tun daga ranar ta daina cewa uwar iyayi. In ta zaci ba kowa kusa, sai ta amsa a hankali, "Na ji, Khairatu. Na ji, 'yata." Bahago yana jiyo ta daga zaure. Shi bai iya ba, ko a zuci sai ya ce yarinyar nan. Bayan arba'in mijin Khairat ya kawo wani kwali ɗaure da igiya, ya ce tarkacen wayoyinta ne da littattafai, ya ga sun fi dacewa da nan. Bahago ya karɓa ya ɗora can saman wardirof. Mutumin da ba ya iya ganin kusa a ɗaure ya ƙyale, ya kasa kwance igiyar nan.

Wata takwas da kafa shi akwatin yana aikinsa. Sai cikin Agusta aka yi wani ruwa da rana tsaka, indararo na zuba kamar da bakin ƙwarya, aka buga wata tsawa da ta ƙone ɗan abin intanet ɗin da Khairat ta maƙala a bango. Akwatin ya mutu ya farfaɗo, muryar tana nan lafiya lau, amma lokaci ya rikice masa. Gaisuwar safe ta koma la'asar. Ran Talata da hantsi aka ce a gaya wa mai shago ya ajiye sukudireba.

Batulu ta ce, "Malam, bar ta. Duk lokacin da ta ga dama ta yi magana, ina so."

Ya ce maganin fa? Lokacin fa? Gaskiya ne, amma ai da bakinsa, kuma da agogo a hannunsa, tunatar da ita sau uku ba zai gagare shi ba. Maganar gaskiya, abu biyu ke cin sa. Na farko, a ce gidan mai gyara ne abu ke aiki a karkace, maƙwabta na ji. Na biyun kuwa, wanda ba zai faɗa wa kowa ba, so yake ya ga abin da aka ce ya shigo a nuna masa bai shiga ba.

Bai taɓa akwatin ba tukuna, shi ba mahaukaci ba ne. Ya hau keke mai ƙafa uku ya tafi Kongo ya nemo Jibril, wani magidanci abokin aikin marigayiyar, wanda tare suke wannan sha'awar. Jibril ya karɓe shi hannu biyu-biyu, ya samo masa wata tsohuwar ƙaramar kwamfuta irin ta cikin akwatin don ya yi gwaji a kanta, ya kuma saka shi a guruf ɗinsu na waya, inda masu irin wannan wasa ke taimakon juna. Gemu ba ya hana ilimi, in ji Bahago. Ya jona ta da wata tsohuwar talabijin da mai ita bai dawo karɓa ba, ya sa kibod a cinya. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da shago ke yin shiru, sai ka gan shi yana danna harafi ɗaya-ɗaya da ɗan yatsan hagu, yana karanta Turancin a fili kamar mai haddar allo.

Makon farko daɗi ya kashe shi. Ya auna ƙafafun abin da mita ɗaya bayan ɗaya, ya gano wacce ke ɗauke da wuta. Ya rubuta layi huɗu, wani ɗan ƙwan lantarki ja ya dinga kunnuwa yana mutuwa bisa umarninsa. Ya kira mai shayin ƙofar gida ya zo ya gani. Wannan ya gane shi, daga farko har ƙarshe, kamar tafin hannunsa.

Sai ya zo kan abin da ya kawo shi. Ya tambayi guruf, cikin ladabi, yadda ake sa abin ya san lokaci ya kuma yi magana a kan lokacin. Amsa ta zo kafin ya ajiye wayar. "Baba, sa shi a kwantena." Wani ya turo layi uku na Turanci, ya ce a kwafa a liƙa, shi ke nan.

Ya kira Jibril ya ce mece ce kuma kwantena?

"Ƙunshi ne, Baba. Wani ya haɗa duk abin da ake buƙata, ya ɗaure. Kai dai ka ɗauko ta intanet ka ajiye a cikin kwamfutarka, ya yi ta aiki."

"To me ke cikin ƙunshin?"

"Ba sai ka sani ba. Ai amfaninsa ke nan."

"Wa ya ɗaure?"

"Wani ne, a wata ƙasa."

"Ka san shi?"

Jibril ya yi dariya. Bahago bai yi ba.

Ya sake tambaya ta wata fuskar. Ya ce ya ji, ya gode, amma shi so yake ya haɗa da hannunsa, abu ɗaya bayan ɗaya, ya san wanne ke riƙe da lokaci, wanne ke kunna sifika. Aka ce, "Baba, wahala za ka sha. Kwantena ta fi sauƙi." Ya tambayi inda sauti ke kwana a cikin abin. Kwantena. Ya tambayi dalilin da ya sa agogo ke ɓata in wuta ta ɗauke. Aka ce akwai kwantenar da ke gyara wannan. Kai, da ya tambaye su hanyar Ƙofar Galadima, da kwantena za su ce masa ya hau! Wani mai kirki ya turo masa bidiyo, ya ce wannan daga tushe ya fara. Bahago ya gyara zama, ya goge tabarau. Minti biyu da farawa baturen ya ce, to yanzu sai mu ɗauko kwantena. Ya bi shafukan Turanci yana fassara wa kansa da ƙyar, nan ma kanwar ja ce. An ce matambayi ba ya ɓata. Wanda ya faɗi haka bai shiga guruf ba.

Wata rana abin ya kai shi bango, ya danna wayar ya yi musu magana ta minti biyar. "Ni fa ban ce ku yi min ba, ce muku na yi ku koya min. Shekara arba'in ban taɓa miƙa wa mutum rediyon da ban ga cikinta ba. Ku kuna cinikin biri a sama, kuna cewa in zo mu yi tare. Ranar da ƙunshin nan ya lalace, wa zai kwance? Ku da kanku kun san abin da ke ciki, ko kunya ce ta hana ku ce ba ku sani ba?" Aka turo masa hotunan fuska mai dariya har da hawaye. Wani ya rubuta, "Baba ya burge ni wallahi." Wani ya ce zamani ya wuce nan. Ba mugunta suke yi ba, yara ne masu son taimako, abin da aka ba su suke bayarwa. Ya kife wayar, ranar ko abincin rana bai ci ba.

A cikin gida kuwa Khairat na ta gaida uwarta da kwana a lokacin la'asar, uwar na amsawa.

Wata biyu ya yi yana wannan fama, daga baya ya sallama. Ya kwafi layukan nan uku ya liƙa a kwamfutar gwaji. Haushin abin, sai ga shi ya yi aiki tsaf. Ya bi yadda suka tsara, ya ɗauki muryarsa, "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu," ya sa mata lokaci, ta fito daidai. To, tunda an hana shi buɗewa, sai ya gwada ta yadda ya iya. Ya rikita agogon da gangan, ya tambaya. Aka ce ya zubar da kwantenar, ya share saura, ya ɗauko sabuwa. Ya zubar, ya share, ya ɗauko. Agogo ya daidaita, kuma ga muryarsa nan ta dawo, gwaji, gwaji, ɗaya, biyu. Ya sake. Sau biyar yana zubarwa, sau biyar tana dawowa. Ya jingina da bango ya yi ajiyar zuciya. Ashe abin duk ɗaya ne da rediyo. Murya ba a ciki take ba.

Duk da haka sai da ya sake tambaya. "In na zubar da ta cikin akwatin yarinyar nan, abin da ta ɗauka ba zai tafi ba?" Mutum uku suka amsa. "Ba ya tafiya, Baba. A waje ake ajiye shi. Kowa haka yake yi." Jibril kaɗai ya kira shi ya ce, "Baba, da ka bari zuwa Asabar ka kawo in duba." Bahago ya ce to. Amma a ransa, shi da ake kawo wa, yau shi zai kai? Kuma bai son hannun wani ya riga nasa shiga aikinta.

Ran Alhamis da hantsi ya shiga ɗaki ya zare wayar akwatin. Batulu na zaune bakin gado, ta ji motsin. Ba ta hana shi ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ka dawo min da ita kafin ƙarfe biyu."

A shago ya kwance kusoshi huɗu ya ɗaga murfin. Ya daɗe yana kallo. Wayoyi a jere, kowace an ɗaure ta da zare. Ɗigon dalmar da ta yi a ƙafar sifika duk sun karkata gefe guda, irin karkatar da ba mai yi sai bahago. Ya sa babban yatsa ya shafa su. Ya ɗauki buroshi ya kaɗe ƙurar wata goma. Kalmar sirrin shiga kwamfutar tana rubuce a jikin murfin, da rubutunta. Ya jona talabijin, ya haɗa da intanet ɗin wayarsa, ya buga layin farko. Abin ya tambaye shi da Turanci ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Ya buga layin shara. Ya ɗauko sabuwa. Agogon da ke kan allo ya yi daidai da na hannunsa har daƙiƙa. Biyu saura kwata ya mayar da akwatin kan kabad, ya tsaya a bakin ƙofa hannu a baya, yana jira a yaba.

Ƙarfe biyu daidai akwatin ya yi ƙara. Ting, ting. Irin ƙarar da ta zo a cikin sabon ƙunshin.

Batulu ta karkata kunne tana jira. Kaza ta wuce a tsakar gida. Ta ce, "Malam, ba ta yi magana ba."

Ban san yadda ya kai shago ba. Ya bi duk inda ya san muryarsa ta gwaji ke zama, wurin fayau, ba komai. Ya rubuta wa guruf. Can wani ya ce, "Ayya, Baba, ba ka kwafe memorin ba kafin ka fara?" Daga nan magana ta ɓarke. Yanzu kowa ya san cewa wasu kan ajiye kayansu a cikin kwantenar kanta, kuma in an zubar an zubar ke nan. Yanzu kowa na da dogon bayani, dalla-dalla, irin wanda ya yi wata biyu yana roƙo. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya zare ɗan memorin ya ƙulle a gefen rawani, ya fita ko shagon bai rufe ba.

Jibril ya kwana biyu a kan memorin. Ran Asabar ya zo da kansa har Ƙofar Kibo, ya durƙusa a zaure ya kasa haɗa ido. Sabon ƙunshin ya kwanta a kan gurbin tsohon. Cikin magana arba'in, abin da ya iya tsamowa bai kai daƙiƙa biyu ba. Ya kunna masa a waya. Gyaran murya ne, nata, wanda take yi kafin ta fara, sai ɗan jan numfashi. Shi ke nan. Mijinta ya ce yana da saƙonnin muryarta a wayarsa, amma haba, wa zai kunna wa uwa hirar 'ya da mijinta?

Batulu ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Akwatin ya yi ting ting bayan magariba, ana idar da salla, ta ce, "Agogon dai ya yi daidai, Malam." Ta juya fuska bango. Kwana uku ba ta ɗiga magani ba.

A rana ta huɗu ne ya taka kujera ya sauko da kwalin. Igiyar ta ƙi kwantuwa, ya yanke ta da reza. Wayoyi, 'yan ƙwayayen lantarki, wani ɗankwali da ya shiga ciki bisa kuskure, sai littafi mai bango shuɗi. Ya buɗe. A saman shafin farko ta rubuta: Yadda zan yi wa Baba bayani. Shafi talatin da ɗaya. Wannan shi ke riƙe da lokaci, ba shi da batir nasa, shi ya sa yake mantuwa in wuta ta ɗauke. Wannan kamar maɓallin tasha ne. Sauti a nan yake kwana. Ga yadda ake haɗawa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ba ƙunshi, don na san Baba ba zai yarda da abin da bai buɗe ba. Har da zanen rediyo a gefe, da kibiyoyi. A shafin ƙarshe kuma, rubutun gaggawa: Kwantenar nan ni ma ban gane cikinta ba. Na zuba muryoyin a ciki don sauri. Asabar in fitar da su.

Duk abin da ya yi wata biyu yana roƙon baƙi, yana nan saman wardirof, taku huɗu daga inda yake kwana. Dattijo ɗan shekara sittin da biyar ya zauna a ƙasa dirshan, ya rungume littafi, ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka kai ta.

Mako guda shagon na rufe, abin da ba a taɓa gani ba ko da salla. Yana ciki da littafin a cinya, yana bin shafi-shafi. Bai tambayi kowa ba. Ya haɗa komai da hannunsa yadda ta tsara, ya gane kowane layi kafin ya wuce shi, ya sa wa agogon ɗan batir kamar yadda ta zana. A ƙarshe ya ɗora ɗan abin da Jibril ya tsamo, bayan ya kwafe shi a memori uku.

Da safe, ƙarfe bakwai, Batulu na zaune bakin gado da carbi. Akwatin ya yi gyaran murya, ya ja numfashi. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ɗago fuska gaba ɗaya wajen kabad, tana jira. Ba abin da ya biyo baya.

Bahago na tsaye a bakin ƙofa da kwalbar magani. Shekara talatin da biyu sunan bai taɓa bi ta harshensa ba, ya fito masa a karye.

"Khairat ta ce a ɗiga magani."

Batulu ta juyo wajen muryarsa. Sannan ta ce, a hankali, ba faɗa a ciki, "Da ma tana ji ka faɗa, Malam."

Ta ɗaga kai ta buɗe idon na dama da yatsa. Ya matso ya riƙe kwalbar da hagu. Hannun da bai taɓa kuskuren ɗigon dalma ba yau ya kuskure, maganin ya sauka a kumatunta ya gangara. Ya goge mata da gefen riga, ya sake ɗigawa.